Hannun Aro

Na karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyo fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Tsarinta ɗaya ne. A fara da tuna cewa na Allah muke kuma wurinsa za mu koma, a faɗi suna da gari, a ce ta bar 'ya'ya kaza da jikoki da dama, a faɗi inda ake karɓar gaisuwa. Ba ta kai minti ɗaya. Ranar da Allah ya karɓi ran kakata, wadda ta haifi mahaifina, ni na rubuta sanarwar da hannuna, amma abokin aikina na roƙa ya karanta. Ina cikin mota a hanyar Gwandu na ji ta. Duk abin da ke cikinta gaskiya ne, sai dai Kaka ba ta ciki. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Na isa ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Gwandu da Dalijan, na tarar an dawo daga kai ta makwancinta. An kafa rumfa a ƙofar gida, Baffa, ƙanen mahaifina, yana karɓar gaisuwa, domin mahaifina ya riga ta tafiya da shekaru. Na zauna kusa da shi. A kwana ukun da suka biyo baya na ga irin zaman makokin da ban taɓa gani ba. Mutum zai shigo ya yi addu'a, a shafa, maimakon ya tashi sai ya naɗe hannun riga ya nuna wa Baffa damtsensa. Wani ɗan kabu-kabu ya miƙe ya buga ƙafarsa ta hagu a ƙasa sau biyu, ya ce mota ce ta karya ta, Inna, wato Kaka, ce ta mayar. Wani dattijo makiyayi ya kama hannuna ya ɗora a kan allon kafaɗarsa don in ji inda ƙashin ya haɗe. A cikin gida, an ce mini, mata haka suke yi da 'ya'yansu. Kowa ya zo da shaidarsa a jikinsa.

Mutum ɗaya ne bai nuna komai ba. Daga Ceberu ya zo, ya haura shekara arba'in, hannun rigarsa na dama a naɗe yake an soke shi da allura, domin babu hannu a ciki. Ya zauna a ƙarshen rumfa kwana uku, yana zuwa da safe yana tafiya bayan la'asar. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san ko wane ne, saboda labarinsa yana cikin rikodata.

Sai kuma matar Baffa. Ita ba wanda ya nemi ya yi mata ta'aziyya ta musamman, tunda suruka ce kawai. Tana wurin murhu tana sauke tukwane tana ɗora wasu, idonta a bushe.

Kaka maɗoriya ce. Karaya, gocewar ƙashi, targaɗe, duk wurinta ake kawowa, daga Gwandu har rugagen da ke bayan Dalijan. Gajeriya ce siririya, amma yatsunta kamar na maƙeri. Kayan aikinta ba su cika ƙwarya ba: karan dawa da take ferewa daidai da gaɓa, tsummoki wankakku, man shanu, sassaƙen da ake dakawa, da igiyar da ake ɓarowa daga ɓawon kalgo. Lokacin da na gaya mata na shiga jami'a a Kalgo, cewa ta yi ita kalgon da ta sani shi ne na ɗaure kara, in dai can ma ɗauri ake koyarwa to ba laifi.

A kan maruƙa ta fara koyo. Mahaifinta makiyayi ne, in maraƙi ya karye shi yake ɗorawa, ita ke riƙe masa. Takan ce dabba ta fi mutum daɗin aiki, don ba ta da dangi masu ba da shawara. Ba ta karɓar kowace karaya. In ƙashi ya huda fata ya fito, ko baya ne, ko kai, ba ta ko taɓawa, sai ta ce wanga na likita ne, ku tahi Birnin Kebbi yanzu, kada ku tsaya cin abinci. A shekarunta na ƙarshe ta fara cewa a je a yo hoton ƙashi a kawo mata. Takan ɗaga hoton ta fuskanci rana da shi, wani lokaci ma a juye, ta daɗe tana kallo, sannan ta ajiye ta shafa gaɓar da yatsa ta ce, “To, hoto bai yi ƙarya ba.”

Akwai abin da take faɗa kullum kafin ta taɓa mai karaya. Bayan bisimilla sai ta buɗe tafukanta ta ce:

“Hannun ga aro ne. Ga Baba na aro shi, Baba ga goggonai, ita ga ubanta, duka ga Allah.”

Tun muna yara muke jin wannan, har muna kwaikwayonta muna dariya. Abin da ban tsaya na yi tunani a kai ba shi ne, abin aro mayarwa ake yi, ko a miƙa wa na gaba. Kaka ta wuce tamanin ba ta sami wanda za ta miƙa wa ba. Mahaifina ya yi boko ya tafi birni. Baffa ya ce shi ba zai iya jin ihun mutane ba, ya kama fataucin shanu. Jikoki kowa ya kama gabansa. Tana son hannun ya zauna a cikin jininta, kuma lokaci yana tafiya. Wannan ce damuwarta ɗaya, ban kuwa san girmanta ba sai da na taka ta.

Na koma karatu ina da shekara kusan arba'in, bayan na daɗe ina karanta labarai ba tare da digiri ba. Ina gama aikin safe a Birnin Kebbi sai in hau kabu-kabu zuwa Kalgo. A aji ni ne babba, yaran suna ce mini Baban Rediyo, suna girmama ni irin girmamawar da ke sa a bar mutum shi kaɗai a benci. A shekara ta uku muka ɗauki wani kwas da a Hausance za a ce nazarin yadda al'ummomi ke fahimtar cuta da magani. Na ɗauka ne don ya dace da lokacin aikina.

Malamin mutum ne mai sanyin murya, ba ɗan yankinmu ba. Ranar farko ya ce kowa ya rubuta abin da aka yi a gidansu karo na ƙarshe da wani ya yi rashin lafiya. Kusan dukanmu muka rubuta an kai shi asibiti. Ya karanta uku ya ajiye, ya ce yanzu a rubuta gaskiya, daga ranar farko. Sai ga kemis, ga jiƙe-jiƙe, ga rubutun sha, ga wanzami, ga maƙwabciyar da ta ce sammu ne, asibiti sai a layi na shida ko na bakwai. Ya ce ba mu zo nan don yanke hukuncin wa ke da gaskiya ba, mun zo mu koyi sauraron abin da mara lafiya da danginsa suke ganin yana faruwa da su. Na yi shekaru ina magana da dubban mutane ta iska, ba wanda ya taɓa ce mini sauraro abu ne da ake koyo. Na fara son kwas ɗin.

Amma ba kowace lacca ce mai sanyi ba. Akwai wata 'yar ajinmu ma'aikaciyar jinya, da aka zo kan maɗora ta tashi tsaye. Ta ce ita ta ga hannayen yara da aka kawo sun yi baƙi saboda ɗaurin da ya matse jini, ta riƙe wasu aka yanke. Ta ce a daina yi wa abin ado da sunan al'ada. Wani daga baya ya ce duk bokaye ne, aji ya yi dariya. Ba ƙarya ta yi ba, na sani. Amma na san wata maɗoriya da ke tashi ta bi gidan mai karaya da sassafe don ta taɓa yatsunsa ta ji ko da ɗumi. Ban buɗe baki ba. Ni da ake biya don magana, sai na sunkuya ina duba littafina.

Aikin ƙarshen zango shi ne kowa ya nemi mai maganin gargajiya guda, ya zauna da shi makonni, ya ɗauki maganarsa da izininsa, ya rubuta rahoto, ya kuma ɓoye sunansa don kare shi. Yaran suka shiga neman wanda zai gabatar da su. Ni na ce a raina ai ina da tawa a gida, ga tuwo ga fura.

Tsakanina da Kaka wasa ne na kaka da jika. Mijinta take ce mini, mijin da ba ya cefane. In na yi magana takan ce in sauke Hausar rediyo a ƙofar gida tare da takalmina. Ranar Asabar ɗin da na je na ce mata ina son in tambaye ta yadda ake ɗori, tun daga farko, komai da komai, na zaci za ta yi tsiyar da ta saba. Ba ta yi ba. Ta dube ni, ta aika a kira Baffa daga zaure, ta ce masa, “Ka gani? Wanda munka cire rai da shi, shi ya zaka.” Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon buzu wanda gashinsa ya zube, ta shimfiɗa a gabanta ta ce in zauna. Buzun mahaifinta ne. Na zauna ina neman inda zan ajiye rikoda don sauti ya fita.

A gidanmu ba wanda ke yi wa maɗori irin waɗannan tambayoyi sai wanda ya zo karɓar hannu, kuma ba a zaunar da kowa a kan buzun nan sai shi. Kowa a gidan ya san haka. Ni na taso a birni, ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Ita tana ganin magaji ya zo, ni ina ganin maki.

Na ciro takardar neman izini na karanta mata da muryar labarai, cewa tana da 'yancin ƙin amsa kowace tambaya. Ta yi dariya har da tari.

“Mijina na neman izini ga takarda? Ranar da anka ɗaura muna aure wa ka tambaya?”

Ta dangwala babban yatsa. Man shanu da shekaru sun cinye zanen yatsan, sai baƙin tabo kawai ya fito.

Asabar shida na yi ina zuwa. Ta gaya mini abubuwan da ban ji ta gaya wa kowa ba: yadda ake gane karaya da tsagewa ta yanayin kukan yaro, dalilin da ya sa ake barin wurin yatsa ɗaya tsakanin kara da fata, ranar da ake kwancewa a duba. Abu biyu ne suka riƙa ɓata mini aiki. Na farko dakan matar Baffa. Kullum muna magana tana gefe tana dakan sassaƙe, sautin taɓarya yana shiga rikoda. Sau biyu na roƙe ta ta dakata, ta dakata, ta zauna da taɓarya a cinya har muka gama. Abin da ya rage na share shi a wurin aiki, da na'urar da muke tace murya.

Na biyu, duk lokacin da aka kawo mai karaya, Kaka sai ta ce in ajiye wannan abin in zo in riƙe mata. Ni kuwa na karanta cewa mai bincike kallo ne nasa, sai in ce mata hannuna da aiki, ina rubutu. Sai matar Baffa ta goge hannu a zani ta zo ta riƙe. Kaka takan ce, “Bari, ango ne, kunya yake ji. Zai saba.”

A Asabar ta biyar, ba tare da na tambaya ba, ta ba ni labarin mutumin Ceberu. Yana ɗan shekara takwas ya faɗo daga bishiya. Ta ɗora hannun da yamma, ta ce a dawo da shi da safe. Aka yi ruwa kwana biyu, rafi ya cika, ba su zo ba, ita ma ba ta je ba. Ranar da ta ƙetara ta isa, yatsun sun yi sanyi. Ita ta ɗauke shi zuwa asibiti, ta zauna a gindin gadonsa har aka sallame shi ba hannu. Iyayen suka ce ƙaddara ce. Ita ta ce ƙaddara ce, amma ɗaurin nata ne, kuma da ta shiga ruwan ranar farko da bai kai haka ba. Tun daga ranar ba ta sake jiran a kawo mata kowa ba, ita ke bi.

“Ka rubuta wanga ma,” in ji ta. “Wanda zai ɗauki hannu shi ɗauka da nauyinai.”

Ban rubuta ba. Na ce a raina ina kare ta ne. Gaskiyar ita ce na tuna fuskar ma'aikaciyar jinyar nan, ban so in miƙa mata hujja ba. Kuma da na zo gabatar da wadda na yi bincike a kanta, ban tsaya ga ɓoye suna kamar yadda aka umarta ba. Na rubuta cewa wata tsohuwa ce a wani ƙauye kusa da Gwandu, wadda aka haɗa ni da ita. A gaban aji ma haka na faɗa. Aka tafa mini. Na sami makin da ya fi na kowa. Amma a gefen shafin farko malamin ya rubuta da jan biro: “Wannan mata ta yarda da kai fiye da yadda ake yarda da baƙo. Wace ce ita a wurinka? An ce ka ɓoye sunanta, ba a ce ka ɓoye kanka ba.” Na karanta na rufe, ban je na same shi ba.

Da aka yi hutu na tafi gida da rahoton. Kaka ta sa aka shimfiɗa buzu, ta kira Baffa da matarsa, ta ce in karanta mata abin da na kai wa malamaina. Turanci ne, ina karantawa ina fassarawa kai tsaye, aikin da na fi ƙwarewa a kai. Ƙwarewar ce ta kashe ni, don bakina ya riga tunanina. Na ji kaina ina cewa, an gudanar da wannan bincike ne a wurin wata tsohuwa.

Ta ɗaga hannu.

“Wace tsohuwa?”

Na ce ƙa'ida ce, ba a faɗin suna, don kada wani ya cutar da ita.

“Ban tambaye ka suna ba. Ni ma ban taɓa hwaɗin sunan Baba ba, amma kullum ina cewa Babana ne. Kai ka ce masu kakarka ce?”

Na ce ban ce ba.

“Yaron Ceberu hwa? Yana ciki?”

Na ce ba ya ciki.

Sai ta tambaye ni yaushe zan fara zama a kan aikin, tunda karatun ya ƙare. A nan ne na gane abin da take nufi da buzun, ita ma a nan ta gane abin da nake nufi da rikodar. Na fara bayani, cewa aikin makaranta ne, na zango ɗaya, an riga an ba da maki. Na yi bayanin da kyau, daki-daki. Ta saurara har na gama. Ba ta ɗaga murya ba.

“To,” ta ce. “Ka ci jarabawa da ni. Allah shi sa albarka. Tashi min ga buzun Baba.”

Na tashi. Matar Baffa ta naɗe shi ta kai ɗaki.

Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma yi fushin da za a gani ba. In na zo tana sa a dama mini fura, tana tambayar matata da yara. Abu ɗaya ne ya canja. Ta daina ce mini mijinta. Malam take ce mini. Sannu da zuwa, Malam. A sauka lafiya, Malam. Na gwada tsokanarta sau da yawa, na kawo cefane na ajiye a gabanta na ce yau dai miji ya yi abin kai, ta yi godiya irin wadda ake yi wa baƙo. Na fara rage zuwa, ina ce wa kaina aiki ne ya yi yawa. Na gama digiri, aka ƙara mini matsayi. Rahoton yana cikin akwati, muryarta tana cikin rikoda, tsaf, ba hayaniya. Wani lokaci in na dawo daga aiki nakan kunna in ji ta tana ce mini mijina, in kashe.

Zuwana na ƙarshe tana kwance. Hannayen sun kumbura, ba ta iya rufe su. Na zauna a bakin gado na ce mata ta yafe mini. Ta ce ba abin da na yi mata, ita ce ta ga hadari ta zubar da ruwan tulu. Sai ta ce in kama hannunta in juya mata shi, ya gaji da gefe ɗaya. Wannan ne karo na farko da na riƙe wani abu da ta ce in riƙe. Bai fi nauyin kara ba.

Washegarin sadakar uku rumfa ta yi sauƙi. Baffa ya shiga gari, ni kaɗai nake zaune da mutumin Ceberu, wanda ya zo sallama. Na gaya masa ni jikanta ne, kuma ta ba ni labarinsa. Ya ce ya sani, ta gaya masa akwai jikanta da ya rubuta labarin a takarda don masu zuwa su kiyaye. Ban gyara masa ba. Ya ce shekara talatin da wani abu, duk lokacin girbi sai ta aiko masa da man shanu don dungulmin yana tsagewa. Ya ce bai zo don ya yafe mata ba, wannan an gama tun yana yaro. Ya zo ne don ba wanda zai sake tambayarsa yadda hannun da babu ya kwana.

Muna cikin haka sai ga babur ya tsaya. Wani makiyayi ne daga bayan Dalijan da 'yarsa, ba ta fi shekara bakwai ba, ta rungume hannunta na hagu da na dama. Jaki ne ya yar da ita. Suna can daji da shanu, labarin rasuwar bai kai musu ba. Da na gaya masa ya yi salati, ya tsaya riƙe da yarinyar yana kallon ƙofar gidan. Sai ya ce ai an ce akwai jikanta da ya karɓi hannu, wanda ya yi karatun abin a jami'a.

Na san komai. Na san wurin yatsa ɗaya tsakanin kara da fata, na san ranar kwancewa, zan iya faɗa masa da Hausa da Turanci. Na dubi hannun yarinyar ban san ta inda ake fara taɓa shi ba. Na buɗe baki zan ce su wuce Birnin Kebbi, sai na ji murya daga bayan zana.

“A shigo da ita.”

Matar Baffa ce. Muka shiga. Ta wanke hannu, ta shiga ɗakin Kaka ta fito da ƙwaryar kayan aiki da buzun, ta shimfiɗa ta zauna a kai. Ta duba fata ta ga ba ta huje ba, ta sa yarinyar ta motsa yatsu, ta tambayi uban ta wane gefe ta faɗi. Daga baya ne Baffa ya gaya mini cewa Kaka ta jira ni damina biyu, ko zan dawo da kaina. A ta uku ta kira surukarta, wadda ta yi shekara talatin tana daka mata tana riƙe mata, ta shafa mata man shanu a tafuka ta ce jini ya ƙi, to ga wanda ya yarda.

Matar Baffa ta yi bisimilla, ta buɗe tafukanta. Muryarta ba ta da ƙarfi.

“Hannun ga aro ne. Ga Inna na aro shi, Inna ga babanta, shi ga goggonai, ita ga ubanta, duka ga Allah.”

A nan ne, karo na farko tun rasuwar, na ga hawaye a idonta. Ta share da kafaɗa don hannayen na aiki ne. Sai ta dube ni, ina tsaye a gefe inda na saba tsayawa.

“Malam, zo ka riƙe min gwiwar hannun. Kada ka saki ko ta yi kuka.”

Na durƙusa a ƙasa, kusa da buzun, na riƙe. Yarinyar ta yi ƙara, na ji ƙashin ya koma a cikin tafina, ƙaramin motsi kamar an rufe ƙofa a hankali. Ban saki ba sai da aka ce in saki. Matar Baffa ta jera kara ta ɗaure, ta zura yatsa ta gwada, ta gaya wa uban ya kai ta a yi hoto yau ɗin nan, sannan ta tambaye shi inda suka sauka da shanun, don gobe da sassafe za ta zo ta taɓa yatsun.

Da na koma Birnin Kebbi na ciro rahoton daga akwati. An riga an ba da maki, ba wanda zai sake karanta shi. Duk da haka na ɗauki biro na soke kalmomin nan na shafin farko, na rubuta a samansu: kakata, wadda ta haifi mahaifina. A bayan shafi na ƙarshe na rubuta labarin yaron Ceberu yadda ta faɗe shi, da ruwan da ba ta shiga ba. Na nemi asalin ɗaukar da ban tace ba, na kunna. Ga muryar Kaka, ga tambayoyina masu tsari, ga kuma taɓarya a bayanmu tana tafiya ba ta tsayawa.

Sunana ba zai shiga jerin masu hannu ba, kuma daidai ne. Abin da ya rage mini shi ne in faɗi abin da na ƙi faɗa a aji: kakata ce, ni jikanta ne, ta zaunar da ni a kan buzun mahaifinta ban san inda na zauna ba.

Allah ya karɓi aronsa daga hannunta da yarda, ya yafe mata ɗaurin da ya matse, ya saka mata da kowane ƙashi da ya haɗe. Ya sanyaya makwancinta, ya ƙarfafa hannun da ta bari. Mu kuma da muka zo a makare, Allah ya sa mu cika da imani.